Tarihin Madam Mari Kuri, Wadda Ta Tono Rediyam Daga Cikin Shara

A babban ɗakin ajiye littattafai na ƙasar Faransa da ke birnin Faris akwai waɗansu littattafan rubutu waɗanda ba a jera su a kan kanta kamar sauran ba. An kulle su ne cikin akwatuna masu rufin darma, kuma duk mai son ya duba su sai ya sa hannu a takarda cewa ya san haɗarin da ke ciki. Mai waɗannan littattafai ita ce Madam Mari Kuri, wadda ta rasu tun cikin shekarar 1934, amma har yau takardun da ta taɓa suna fitar da tururin nan mai ratsa jiki wanda ido ba ya gani.

An haife ta a birnin Warso na ƙasar Folan ran 7 ga watan Nuwamba, 1867, lokacin da birnin ke ƙarƙashin mulkin Rasha. Mahaifinta malamin lissafi ne da kimiyya, mahaifiyarta kuwa ta rasu da ciwon tarin fuka tana da shekara 10. Da yake a wannan zamani ba a karɓar mata a jami'ar Warso, sai ta yi shekaru tana aikin koyar da 'ya'yan masu hali a gidajensu, tana aika wa yayarta kuɗin karatun likita a Faris. A cikin 1891 ita ma ta bi ta, ta shiga Jami'ar Sobon, ta zo ta ɗaya a jarrabawar digirin kimiyya a 1893. Bayan shekara 2 ta auri wani masani, Piyar Kuri.

A cikin 1896 wani Bafaranshe mai suna Hanri Bekerel ya gano cewa ma'adinin yuraniyam yana fitar da wani irin tururi da kansa. Madam Kuri ta ɗauki wannan batu don binciken digirinta na dakta. Da ta auna wani baƙin dutse mai nauyi da ake samun yuraniyam a cikinsa, sai ta iske tururinsa ya fi ƙarfin abin da yuraniyam ɗin da ke ciki zai iya bayarwa. Ta ce lalle akwai wani abu dabam a ɓoye. A shekarar 1898 ita da mijinta suka sanar da gano sababbin ma'adinai biyu, watau foloniyam, wanda ta raɗa wa sunan ƙasarta, da kuma rediyam.

To, sanarwa dabam, fitar da abin a gani da ido dabam. Dutsen yana da tsada, su kuwa ba su da kuɗi. A garin Yowakimstal, wanda a lokacin yake cikin daular Ostiriya, a yau kuwa yake cikin Jamhuriyar Cek, akwai wata ma'aikata da ke cire yuraniyam daga dutsen don rina gilashi, ta zubar da tukar a bayan gari. Madam Kuri ta lura cewa in an cire yuraniyam, ai rediyam yana nan cikin abin da aka yar. Saboda haka wannan shara ce aka riƙa ɗuro musu cikin buhuna, gauraye da ganyayen itatuwan da aka zuba ta a ƙarƙashinsu.

Wurin da aka ba su don aikin wata tsohuwar rumfa ce ta katako wadda a da ɗaliban likita ke feɗe gawa a ciki. Rufinta na yoyo, kuma babu bututun fitar da hayaƙi, don haka in sama ta yi kyau sai a yi aikin a tsakar gida, in ana ruwa a buɗe tagogi. Takan ɗauki kimanin kilo 20 a lokaci guda, ta dafa a tukunyar ƙarfe, ta wuni tana motsawa da sandar ƙarfe mai kusan tsawonta. Sai a 1902, bayan ta narka tan da yawa na wannan tuka, ta sami kashi ɗaya cikin goma na giram ɗaya na gishirin rediyam. Duk sauran abin, da ruwan wanki da ƙura da dagwalo, ya bi ƙasa da tebura da tufafi da takardu, domin babu wanda ya san cewa abin tsoro ne. Har cikin aljihu da aljihun tebur takan ajiye kwalaben gwaji, da dare kuma su biyu sukan koma rumfar su kalli yadda kwalaben ke ƙyalli cikin duhu.

Ba za a ce ba a ga alama ba. A 1901 Bekerel ya ƙone a fata saboda wata 'yar kwalbar rediyam da ya sa a aljihun rigarsa, Piyar kuma ya ɗora shi a hannunsa da gangan ya sami gyambon da ya daɗe bai warke ba. Amma abin da suka hango a nan shi ne maganin ciwon daji, kuma sun yi gaskiya. Ba su nemi mallakar hanyar tace rediyam don kansu ba, suka bar wa kowa.

Daga nan sai girmamawa ta yi ta zuwa. A 1903 aka ba su kyautar Nobel tare da Bekerel. A 1906 keken doki ya take Piyar a kan titi ya mutu, aka ba ta kujerarsa a Sobon, ta zama mace ta farko da ta koyar a wurin. A 1911 ta sake samun Nobel, wannan karon ita kaɗai. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta shirya motoci kimanin 20 ɗauke da na'urar hoton ƙashi, ita da 'yarta Irin suna duba sojojin da aka harba, ba tare da wata kariya ta kirki ba. A 1921 ta je Amurka, inda Shugaba Hadin ya miƙa mata kyautar giram ɗaya na rediyam da matan ƙasar suka tara kuɗi suka saya.

A cikin shekarun 1920 ne asiri ya fara tonuwa. 'Yan matan da ke shafa fentin rediyam a fuskar agogo a Amurka, waɗanda ke lasar bakin burushi don ya yi tsini, suka riƙa ruɓewar muƙamuƙi suna mutuwa. A 1928 aka kafa kwamitin ƙasashen duniya na farko kan kariya daga irin wannan tururi. A Cibiyar Rediyam da take shugabanta, Madam Kuri ta sa ana gwada jinin ma'aikata, ana aiki da hantsaki da garkuwar darma. Sai dai ita kanta ba ta cika bin waɗannan ƙa'idoji ba, ko da yake yatsunta sun ƙone kuma an sha yi mata aikin yanar ido. A nan dai, a ganinmu, babbar masaniyar ta yi jinkirin yarda da abin da ke gabanta. Ta rasu ran 4 ga watan Yuli, 1934, da ciwon da ke hana ɓargo yin jini. Irin ma ta rasu a 1956 da ciwon dajin jini.

Dalilin da ya sa kayanta suka zama matsala shi ne tsawon ran rediyam. Kowane ma'adini mai tururi yana da lokacin da ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Na foloniyam kwana 138 ne, na rediyam kuwa shekara 1,600. A ɗakunan bincike na yau, ana ware shara tun daga teburin aiki, a sa mata lamba da kwanan wata, a rubuta ta a rajista. Mai gajeren rai sai a kulle ta har wa'adin nan ya zagayo kamar sau goma, a auna, sa'an nan a zubar. In aka bi wannan lissafi da rediyam, sai an jira shekara 16,000. Abin sha'awa, Irin da mijinta ne a 1934 suka gano hanyar ƙirƙiro ma'adinai masu tururi a ɗakin gwaji, kuma ire-irensu ne daga baya suka ture rediyam daga asibitoci.

Sai a 1981 aka wanke ɗakin gwajinta na Cibiyar Rediyam, wanda yanzu ya zama gidan tarihi. Wanda ya fi wuya shi ne reshen da aka gina a Arcueil, kudu da Faris, a 1933 don tace duwatsu. An rufe shi a 1978 da kayansa a ciki, gidajen jama'a na kewaye da shi, kuma ba a fara share shi ba sai a 1992. Aikin ya ci shekaru da kuɗi masu yawa. Faransa tana da hukumar kula da irin wannan shara, mai suna Andra, amma sharar da ke ɗauke da rediyam tana ajiye ne a rumbunan wucin gadi, ana neman inda za a binne ta dindindin.

A watan Afrilu na 1995 aka tono gawarta da ta mijinta don mayar da su Fantiyon, makwancin manyan mutanen Faransa, inda ta zama mace ta farko da aka kai don aikin kanta. Masu awo sun iske akwatin gawar da rufin darma, amma rediyam ɗin da ke jikinta bai kai yadda aka zata ba. Wannan ya sa suka fi zargin na'urar hoton ƙashi ta lokacin yaƙi da jawo ciwon ajalinta.