Gunpei Yokoi, mai kula da injuna da ya ƙirƙiro Game Boy

Duk wanda ya san tattalin batir a Magarya ko Dungas, inda wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, zai gane dabarar Gunpei Yokoi, ɗan ƙasar Japan da ya ƙirƙiro na'urar wasa ta hannu, Game Boy.

An haife shi a birnin Kyoto ranar 10 ga Satumba 1941. Bayan ya karanci ilimin lantarki a jami'ar Doshisha, a 1965 kamfanin Nintendo, wanda a lokacin karta yake bugawa, ya ɗauke shi aikin kula da injuna. Wata rana shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya gan shi da wani hannun wasa mai miƙewa da ya harhaɗa don ɗebe kewa. Maimakon faɗa, sai ya ce a mai da shi haja. An sayar da fiye da miliyan 1.

A 1980 ya fito da Game & Watch, bayan ya ga wani matafiyi a jirgin ƙasa yana latse-latsen kalkuleta saboda zaman banza.

Babban aikinsa ya zo a watan Afrilu 1989. Yokoi ya ƙi allo mai launi, ya zaɓi tsofaffin kayan da suka yi araha, don batir 4 su daɗe. Game Gear ta kamfanin Sega tana da launi, amma takan cinye batir 6 cikin 'yan awoyi. Kasuwa ta ba shi gaskiya: Game Boy da ƙanwarta mai launi sun haura miliyan 118. Wannan sauƙin ne ya sa har yau ƙananan na'urorin China irin su Miyoo Mini ke iya kwaikwayonta. Masu su kan sauya manhajar asali da wata, kamar OnionOS, ta hanyar katin memori, su buga wasannin da.

Bai tsira daga faɗuwa ba. Virtual Boy da ya jagoranta a 1995 ba ta karɓu ba, ba a sayar da ko miliyan 1 ba. A watan Agusta 1996 ya bar Nintendo ya kafa kamfaninsa, Koto.

Ranar 4 ga Oktoba 1997, a babbar hanyar Hokuriku, ya sauko daga mota bayan wani ƙaramin haɗari, sai wata motar ta buge shi. Ya rasu yana da shekara 56. WonderSwan, na'urar da ya tsara wa kamfanin Bandai, ta fito a 1999, tana aiki da batir ɗaya tak.