Tarihin Sadi Karno, Mai Binciken Ƙarfin Wuta

Duk wanda ya riski zamanin jirgin kwal a tashar Sabon Garin Zariya ya ga wuta da ruwa suna jan taragun gyaɗa da auduga. To, wanda ya fara gano iyakar ƙarfin nan shi ne Sadi Karno, Bafaranshe.

An haife shi a Paris cikin 1796. Ubansa shugaban yaƙi ne, masanin hisabi, shi ya raɗa masa sunan Sa'adi na Shiraz, mawaƙin Farisa. Ya karanta aikin injiniya, ya shiga soja.

Abin da ya dame shi, Ingila ta tsere wa ƙasarsa wajen injin tururi, alhali maƙeransa ba su san asalin hukuncinsa ba. Cikin 1824 ya buga ɗan littafi. Ya kafa hujjarsa bisa abin da magabata suka tabbatar, watau iskar da aka tsare cikin mazubi tana da hali, kuma abu uku ke bayyana shi: zafinta, matsinta, da girman wurin da ta cika. In an san biyu, na uku ba ya ɓuya. Ba a tambayar hanyar da ta bi ta kai ga wannan hali, kamar yadda sikeli ba ya tambayar ƙauyen da buhu ya fito.

Sa'an nan ya ƙaddara inji wanda iskarsa za ta sha zafi ta buɗe ta tura ƙarfe, a sanyaya ta, a matse ta, har ta koma halinta na fari daidai. Da wannan ya nuna iyakar aikin inji tana rataye ga zafin tukunya da sanyin mazubarsa kaɗai, ko tururi aka sa ko iska. In babu sanyi babu aiki, kamar ruwa ne, ba ya gudu sai da gangare.

Ya yi kuskure guda, ya ɗauki zafi abu ne mai kwarara wanda ba ya raguwa. Ni dai ban ga laifinsa ba, haka yawancin malaman zamaninsa suka ɗauka.

Littafin bai sami kasuwa ba. Kwalara ta kashe shi cikin 1832 yana da shekara 36, aka hallaka yawancin takardunsa don tsoron cutar. Waɗanda suka tsira, ƙanensa ya buga su cikin 1878, sai aka ga ashe ya riga ya bar kuskuren nan da kansa. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da sunansa suke kiran wannan inji.