Marigayi Akiyo Morita, Jigon Kamfanin Sony

An haifi Akiyo Morita a Nagoya ta ƙasar Japan cikin 1921. A 1946 shi da Masaru Ibuka suka kafa kamfanin da daga baya aka raɗa wa suna Sony.

Cikin 1975 suka fito da kaset ɗin bidiyo na Betamax, mai ɗaukar sa'a ɗaya tak. Da shekara ta zagayo sai kamfanin JVC ya kawo VHS mai sa'a biyu, ya kuma jawo manyan kamfanoni irin su Matsushita suka rungumi tsarinsa. Masu shagunan hayar fim suka bi inda jama'a suka karkata. An daɗe ana turjiya, amma a 1988, Morita na kan kujerar shugabanci, Sony ya shiga sayar da akwatin VHS na abokin hamayyarsa.

Ya rasu a Tokyo cikin 1999.