Likita Mila na Zariya (1872–1952) da Koyarwar Zunubin Asali

Duk mai bin tarihin rubutun boko a ƙasar Hausa ba zai rasa cin karo da sunan Walter Miller ba, watau Baturen nan da mutanen Zazzau suka fi sani da Likita Mila. Galibi akan tuna da shi ne saboda fassarar Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa, da kuma makarantar da ya kafa a birnin Zariya. Amma likitanci da makaranta da fassara duka rassa ne. Tushen da ya raba shi da ƙasarsu aƙida ce guda, wadda Kirista ke kira zunubin asali, tare da fatan samun fansa daga gare shi.

An haife shi a shekarar 1872 a garin Honiton, cikin lardin Devon a Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya shiga ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila da ake kira C.M.S. Gab da ƙarshen ƙarni na 19 ya tafi Tarabulus, inda akwai Hausawa fatake da alhazai da 'yantattun bayi, domin ya koyi harshen daga bakin masu shi. A can ne ya haɗu da wani yaro Bahaushe mai suna Abdulmajid, wanda daga baya ya zama na hannun damansa.

Aƙidar da ya ɗauko tana da dogon tarihi. Bisa ga fahimtar Kirista, saɓon da Adamu ya yi bai tsaya a kansa shi kaɗai ba, ya gurɓata halin zuriyarsa baki ɗaya, ta yadda kowane ɗan'adam yakan zo duniya da karkata zuwa ga saɓo, kuma aikinsa na gari bai isa ya wanke shi ba. Suna kafa hujja da babi na 5 na wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, inda aka kwatanta Adamu da Almasihu: ta hanyar na farko mutuwa ta shigo, ta hanyar na biyu aka buɗe ƙofar rai. Wanda ya tsara wannan koyarwa sosai shi ne Agustin (354–430), bishop na garin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yanzu, a cikin muhawararsa da Pelagiyus, wanda yake ganin mutum na iya yi wa Allah biyayya da zaɓin kansa. Taron limaman coci da aka yi a Kartaj a 418 ya goyi bayan Agustin. Cocin Ingila kuwa ta sa batun a matsayin na 9 cikin ƙa'idodinta 39. Saboda haka a idon Mila dukan mutane majinyata ne, Bature da Bahaushe, kuma magani ɗaya ne, watau mutuwar Almasihu da tashinsa.

Da wannan imani ya shigo ƙasar Hausa a 1900, cikin ayarin mutum biyar a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell. Sun isa Kano, amma Sarki Alu ya ƙi ba su masauki, ya umarce su da su bar garin cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku a kudancin Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Sai a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Mila ya sami damar zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

A nan ne wa'azinsa ya ci karo da bango. Malaman Zazzau sun san ƙissar Annabi Adamu tun kafin zuwansa, amma a wurinsu ƙissar ta ƙare ne da tuba da gafara. Musulunci ya koyar da cewa ana haihuwar kowane jariri da tsarkin halitta, kuma ba a ɗora wa wani rai nauyin laifin wani. Ko a karin magana, Bahaushe cewa yake yi kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Bugu da ƙari, Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba. To, likitan da ya zo da magani, mutane suka ce ba su da cutar, yaya zai yi? Ga kuma gwamnatin mulkin mallaka, wadda ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba, tana yi masa kallon mai tayar da ƙura, musamman da yake ba ya ɓoye sukar da yake yi wa hukumomin gargajiya.

Waɗanda suka saurare shi da kunnen basira su ne Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano cikin ƙarni na 19 saboda irin matsayin da ya bai wa Annabi Isa. A 1913 wasu daga cikinsu suka nemi Mila, har aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya afka wa ƙauyen, ya halaka mutane da dama, sauran suka watse. A 1929 aka fitar da mishan daga birnin Zariya zuwa Wusasa. Daga wannan ƙaramar jama'a aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa.

Mila ya koma Kano ya duƙufa kan fassara. Wasu sun riga shi share fage, kamar J.F. Schön da C.H. Robinson, amma a 1932 ne aka buga cikakken Littafin da Hausar boko, kuma mafi yawan aikin nasa ne tare da mataimakansa Hausawa da abokan aikinsa na sauran ƙungiyoyin mishan. Wahalar aikin ita ce kusan duk kalmar da ake bukata ta riga ta yi mazauni a cikin harshen. Zunubi ga Bahaushe abin da mutum ya aikata ne da kansa, alhali ana so kalmar ta ɗauki ma'anar halin da aka gada. Ceto ga Musulmi shi ne na ranar alƙiyama, bege kuwa shauƙin Annabi ne, amma a bakin Kiristocin Hausa ya zama sa rai ga alkawarin Allah. Kalmar da ta fi dacewa ita ce fansa, domin mutanen wancan zamani sun ga yadda dangi ke tara dukiya su karɓo ɗan'uwansu daga bauta, sun kuma san bawan da aka haifa cikin bauta ba tare da laifin kansa ba.

Ya bar C.M.S. a 1935, ya buga littafin tarihin aikinsa a 1936, daga baya ya komo Nijeriya, ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952. Musulmin birane da ya yi niyya tun farko kaɗan ne ƙwarai suka bi shi. Fassarar tasa ta yi tasiri ne a inda bai fi sa rai ba: a tsakanin al'ummomin Filato da kudancin Zazzau masu amfani da Hausa a coci, da kuma Maguzawan karkarar Kano da Katsina, har da yankin Roni maƙwabciyar Gwiwa a ƙasar Kazaure, inda ƙungiyar S.I.M. ta kafa tasharta. Kusan rabin ƙarni wannan fassara ce ake karantawa kafin a yi sabuwa, kuma ita ce ta aza harsashin kalmomin da Kiristocin Arewa suka gada wajen bayyana zunubi da fansa da harshen Hausa.