Alhaji Mamman Shata Katsina da Mutanensa

Ba na tsammani akwai wani a kolejin nan, malami ko ɗalibi, wanda bai taɓa jin muryar Alhaji Mamman Shata ba. In ba ka ji ta a gidanku ba, ka ji ta a teburin mai shayi a Magajiya, ko a cikin motar da ta kawo ka Suleja ran da aka dawo hutu. Amma da yawanmu murya kaɗai muka sani, ba mu san irin zaman da mutumin ya yi shi da yaransa ba. Shi ya sa na ga ya kamata in ba da ɗan tarihinsa.

An haifi Shata a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923. Sunan ubansa Ibrahim Yaro. Gidansu ba gidan makaɗa ba ne, ubansa kuwa bai so ko kaɗan ɗansa ya shiga waƙa ba, don a wancan zamani ana ganin waƙa roƙo ce, roƙo kuwa ba na ɗan mutunci ba ne. Yaron ya yi tallan goro, ya yi tallan alewa, amma ko a bakin tallan waƙa ya ke yi. Ƙarshe dai ya aje faranti ya bi abin da zuciyarsa ta ke so. Ya koma Bakori, wurin Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa, daga can ya ke fita yawon waƙa garuruwa. A 1952 aka yi babban bikin 'ya'yan sarki a Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Nan ne tauraronsa ya fito, sunansa ya cika ƙasa.

To, a nan sai mu lura da wani abu, don shi ne ya raba Shata da manyan mawaƙan zamaninsa. Irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo makaɗan fada ne. Kowannensu yana da ubangida, sarki ko basarake, wanda ya ke ci da shi, ya tufasar da shi, ya ba shi doki. Makaɗin fada ba ya kwana da tunanin abincin gobe, amma fa bakinsa ba nasa ba ne duka. Shata bai shiga wannan inuwa ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, gaskiya ne, Sarkin Daura Muhammadu Bashar ma ya zama babban masoyinsa, amma bai taɓa zama makaɗin fadar kowa ba. Ya yi wa attajiri waƙa, ya yi wa direba, ya yi wa soja lokacin yaƙin basasa, har kumbon Apollo 11 da Amurka ta harba zuwa wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Ko abin kiɗansa ma ba na sarauta ba ne. Kalangu ne, wanda aka sani da mahauta da dandalin 'yan mata.

'Yancin nan yana da daɗi, yana kuma da tsada. Wanda ba shi da ubangida ɗaya, tilas kullum ƙafarsa tana bisa hanya. Kuma ba cikinsa kaɗai ya ke nema wa abinci ba. A bayansa akwai masu kalangu, da mai kuntuku, da masu amshi, da sanƙira wanda aikinsa shi ne ya san wane ne ya zo wurin wasa, ɗan wane ne, me kuma ya bayar, ya kwarara shi a gaban jama'a. Kowane ɗayansu yana da mata da 'ya'ya a gida. Ba albashi su ke ɗauka ba kamar yadda mu za mu riƙa ɗauka in mun gama koleji. Abin da aka samu a wurin wasa, kuɗi ko riguna, shi maigida zai raba, kowa gwargwadon matsayinsa. In kaka ta yi kyau, an sayar da gyaɗa da auduga, bukukuwa sun yawaita, sai kowa ya sha romo. In damina ta faɗi, manoma sun koma gona, ko azumi ya kama an jingine kalangu, sai a ci abin da aka tara. Riƙe mutane shekara da shekaru a kan irin wannan samu, wanda yau akwai gobe babu, ba ƙaramin shugabanci ba ne, ko da ya ke ba a cika yabon Shata ta wannan fuska ba.

Aikin masu amshin nan ma ya isa a tausaya musu. Shata ba ya rubuta waƙa, ba ya zama ya tsara ta a gida. A tsaye ya ke yin ta, nan take, gwargwadon wanda ya gani da abin da ya faɗo masa. Sabo da haka dole kunnen yaransa ya zama a buɗe, su karɓi amshin da ba su taɓa ji ba, su riƙe shi daram har maigida ya ga dama ya sauka.

Wannan hali nasa shi ya sa ɗaukar waƙarsa a faifai ta zama wani abu dabam. Faifan garmaho na da minti uku ko huɗu kaɗai kowane gefe ya ke ɗauka, babban faifan da ya biyo baya kuwa wajen minti ishirin. Ina wannan, ina mutumin da ya saba kwana yana waƙa? Kuma a ɗakin ɗaukar murya babu taro, babu mai liƙi, babu mai guɗa. Duk da haka ya yi faifai da kamfanin EMI, gidajen rediyo kuma, musamman na Kaduna, sun ɗauki waƙoƙinsa masu yawa. Abin da ya kamata mai saurare ya sani shi ne, waƙar da ke cikin faifai yadda ta fito ran nan ne kawai. Bakandamiya, watau waƙar da ya ke yi wa kansa kirari, ya yi ta sau da yawa, kowace da irin nata baitoci. Da kaset ya zo, sai kowane mai shago ya riƙa kwafa yana sayarwa, mai waƙa ba ya ganin ko kwabo. A ganina faifai da kaset ba su ne suka ci da Shata ba. Amfaninsu gare shi, sun riga shi isa garuruwan da bai taɓa takawa ba, in ya je sai ya tarar an san shi.

Haka ya ƙetare iyaka. Ya yi wasa a Nijar, ya je Gana wurin Hausawan zango, jikokin fataken goro, waɗanda ke ƙishin jin harshen gida. Ya je har Ingila da Amurka, inda akasarin masu kallo ba su jin ko kalma ɗaya ta Hausa, sai zaƙin murya da kalangu. In ya dawo kuwa, abin da ya gani a can sai ya zama waƙa, mutanen ƙauye su ji labarin ƙasar Turawa daga bakin nasu. Daga nan a huta kwana kaɗan a Funtuwa, inda ya kafa gidansa, a ɗaure kalangai a sake hawa mota.

Ya taɓa siyasa, har ya shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa, amma wannan ba shi ne abin da za a tuna shi da shi ba. Gwamnatin Nijeriya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, shi da bai taɓa zama a benci a makarantar boko ba. Wanda ya ke son cikakken labarinsa sai ya nemi littafin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokansa suka rubuta.

Ciwo ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa, har aka kai shi Jidda neman magani. Ya rasu a asibiti a Kano ran Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, yana da shekara 76. Ba a kai shi Musawa ba, ba a kai shi Funtuwa ba. A Daura aka binne shi, garin masoyinsa Sarki Muhammadu Bashar, kamar yadda shi kansa ya bar wasiyya. Allah ya jiƙansa.