Abul Ƙasim Azzahrawi, Likitan Ƙurɗuba Mai Cire Kibiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wanda duk ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya kai babin jini da haddi, zai tuna yadda malamai suka rarraba raunukan kai. Akwai muliha, wadda ta tone ƙashi har ya bayyana, diyyarta raƙuma 5. Akwai munaƙƙila, wadda ta farfasa ƙashin har gutsattsarinsa suka gusa, diyyarta raƙuma 15. Sa'an nan akwai ma'amuma, wadda ta kai ga ƙwaƙwalwa, ita kuwa sulusin diyya ne, kuma ba a yin ƙisasi a kanta domin tsoron kada ramuwa ta zama kisa. To, a daidai zamanin da Ibn Abi Zaid yake Ƙairawan yana bayyana hukuncin waɗannan raunuka, akwai wani bawan Allah a Andalus wanda aikinsa shi ne jinyarsu. Shi ne Abul Ƙasim Halaf ɗan Abbas Azzahrawi.

An haife shi wajen shekarar 936 Miladiyya, shekarar da Halifa Abdurrahman na Uku ya fara gina Madinatuz Zahra'u kusa da Ƙurɗuba, a ƙasar da yanzu ake kira Sifen. Ga wannan birni ake danganta shi. Ya yi aikin likita a zamanin Halifa Alhakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, sarki mai son littattafai da masu ilmi. Bayan ya shafe wajen shekara 50 yana duba marasa lafiya, sai ya tattara abin da ya karanta da abin da ya gani da idonsa a cikin littafinsa Attasrif, mai maƙala 30. Maƙala ta ƙarshe ita ce ta fiɗa, kuma ita ta ɗaukaka sunansa. A cikinta ya zana surar kayan aiki kusan 200, ya raba ta kashi uku: jinya da ƙarfe mai zafi, da tsaga da huda da kula da raunuka, sa'an nan ɗorin karaya da gocewar gaɓa.

Tun a gabatarwa ya koka da cewa sana'ar fiɗa ta kusa mutuwa a ƙasarsu, ya kuma gargaɗi almajiransa, waɗanda yake kira 'ya'yansa, kada ɗayansu ya ɗauki wuƙa sai ya san yadda aka ƙera jiki, jijiya da ƙashi da tsoka. Ya ba da labarin wani jahilin likita da ya tsaga ƙari a wuyan wata mata, ya datse jijiyar jini, ta mutu a hannunsa.

Andalus ƙasar yaƙi ce a wancan zamani, saboda haka ba a rasa kawo masa wanda aka harba ko aka sara a ka. Abin da ya fara koya wa almajirai shi ne karanta alamu kafin a taɓa mutum. Idan kibiya ta huda ƙoƙon kai ta keta tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, za a ga matsanancin ciwon kai, da jiri, da jan ido, da jijjiga, da gushewar hankali, da aman kumallo. Wani lokaci jini ya zubo ta hanci ko ta kunne, magana ta ɗauke, wani farin ruwa mai kauri ya riƙa fita daga bakin raunin. Hukuncinsa a nan shi ne likita ya kame hannunsa, kada ya fizge kibiyar, ya saurara kwanaki har al'amarin majinyacin ya bayyana. Wannan ba ragwanci ba ne. Mutumin da ya san ba shi da hanyar tsayar da jinin da zai ɓalle a cikin kai, ya kuma ƙi yin caca da ran da Allah Ya ba shi amana, ya fi wanda ya zare ƙarfen don a yaba masa jarumtaka.

Amma inda akwai sa rai, ba ya ja da baya. In kibiya ta kafe a ƙashi ta ƙi motsi, sai a huda ƙashin kewaye da ita har ta sami sarari. In tana da kunnuwa, a raba su da naman da suka riƙe, ko a lanƙwasa su, ko a karya su. In mai dafi ce, a yanke naman da dafin ya taɓa, matuƙar wurin zai yanku. Ya kuma so, in da hali, a ajiye majinyaci a yanayin da yake sa'ad da aka harbe shi, domin hanyar da ƙarfe ya bi ya shiga ta fi sauƙin ganewa.

Labarin wani kwamandan sarki ya isa ya nuna haƙurinsa. Kibiya ta shige shi a tsakiyar hanci, ta karkata dama, ta ɓace ɗungum a cikin fuska. Bayan kwana uku aka kira Azzahrawi. Ya zura siririn ƙarfen bincike bai ji ta ba, sai dai mutumin yana jin suka a ƙarƙashin kunnensa na dama. Ya sa magani mai janyowa a nan, shiru. Raunin ma ya rufe, kwamandan ya zauna da kibiyarsa, har wata rana ya ji ta a cikin hancinsa. Daga nan likitan ya dinga buɗe raunin da magani mai cin nama kaɗan-kaɗan, wajen wata huɗu, kafin hantsaki ya sami shiga. Ya ja, ta ƙi. Ya yi ta sake dabara da sauya kayan aiki har ran da ya kamo ta ya fitar, mutumin kuwa ya warke sarai. Ya ambaci wani Bayahude da ya cire wa kibiya a ƙarƙashin ido ba tare da idon ya lalace ba, da wani Kirista da ya cire wa a maƙogwaro. Bai tambayi addininsu kafin ya sa hannu ba.

A babin karayar kai ya rarrabe saran takobi da ke ɗebe ɓangaren ƙashi, da tsaga mai sirantar gashi wadda ke ɓuya, da lotsawar ƙashin kan yara, wanda kan shige ciki kamar kwanon tagulla da aka buga. Ya ce a cire ƙashin da ya farfashe kafin kwana 14 in da sanyi ne, kafin kwana 7 in da zafi ne, tun tantani bai ruɓe ba. Mahujin da ya zana don wannan aiki yana da wani zobe a bayan tsininsa, wanda ke tare shi kada ya wuce kaurin ƙashi ya nutse cikin ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne ya ɗauki da yawa daga magabata, musamman Jalinus da Bulus na Yunanawa, kuma bai ɓoye haka ba. Abin da ya ƙara shi ne zane, da tsari, da shaidar idonsa.

Ya rasu wajen 1013, watau 404 bayan Hijira, bayan fitinar da ta rushe Madinatuz Zahra'u. Ibn Hazm ya lasafta shi cikin manyan likitocin Andalus, kuma Alhumaidi, almajirin Ibn Hazm, ya rubuta taƙaitaccen tarihinsa. A ƙarni na 12 Jirad mutumin Kiremona ya juya maƙalar fiɗa zuwa Latin a Ɗulaiɗila, Turawa suka san shi da Albukasis. Likitan Faransa Gi da Sholiyak ya ambace shi kusan sau 200 a littafinsa na 1363.

Yau abin da Azzahrawi yake laluba da siririn ƙarfe, na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta CT, wadda aka fara amfani da ita a Landan a 1971, tana nuna shi cikin mintoci: inda ƙarfen ya tsaya, da jinin da ya taru, da gutsuren ƙashi. Akan ɗauki hoton jijiyoyin jini kafin a zare shi a ɗakin tiyata, a ba da maganin ƙwayoyin cuta da na farfaɗiya da rigakafin sandarewar wuya. Har yanzu kuwa akan kai wa asibitocin Arewa mutanen da aka harba da kibiya a ka ko a wuya a rigingimun ƙauye, kuma umarnin likitoci ga dangi shi ne kada a zare ta, kada a girgiza ta, a tallafe ta da tsumma mai tsabta a garzaya da mutum asibiti.

Allah Ya ji ƙan Abul Ƙasim, Ya gafarta masa, amin.