Maikel Faraday: Ɗan Maƙerin da Ya Fito da Ma'anar Filin Lantarki

Gabatarwa

A unguwarmu ta Yelwa a Jalingo, kalma ɗaya ce ke ɗauke da komai: an kawo wuta, an ɗauke wuta, wuta ta ja wane. Da yake koyon Hausa na yi, ba a nono na sha ta ba, nakan tsaya in duba abin da kowace kalma ta ƙunsa. Kalmar wuta ta haɗe abubuwa biyu da masana kimiyya suka raba, wato filin lantarki da kwararar lantarki. Wannan ne ya sa na zaɓi kawo tarihin mutumin da ya fi kowa taimakawa wajen fahimtar na farkon.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Maikel Faraday ranar 22 ga Satumba, 1791, a Newington Butts kusa da birnin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne matalauci, don haka karatunsa bai wuce koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai wurin George Riebau, inda ya yi shekara bakwai. Littattafan da ake kawowa ɗinki su suka zama makarantarsa. A 1812 ya halarci laccocin masanin sinadarai Humphry Davy, ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki a cibiyar Royal Institution.

Ayyukansa

A 1820 Hans Oersted na ƙasar Denmak ya gano cewa idan lantarki na gudu cikin waya, allurar kamfas da ke kusa takan karkata. Faraday ya tsaya a kan tambaya guda: yaya waya ke juya allurar da ba ta taɓa ba? A ganinsa sararin da ke tsakaninsu ba fanko ba ne, akwai layukan ƙarfi da suka cika shi. Daga nan tunanin fili ya samo asali.

A 1821 ya sa waya mai ɗauke da lantarki ta riƙa zagaya maganaɗisu, tushen motar lantarki ke nan. A 1831 kuma ya nuna cewa sauyawar ƙarfin maganaɗisu kusa da waya na haifar da kwararar lantarki a cikinta. Da wannan ka'ida janareta da taransifoma ke aiki, har da tashar lantarki ta madatsar Kashimbila da ke ƙaramar hukumar Takum, mai ƙarfin megawat 40.

Bambancin Fili da Kwarara

Filin lantarki yanayi ne da ke kewaye da duk abin da ke ɗauke da caji, ko da babu abin da ke motsi. A lokacin hunturu, idan mai karatu ya goga matajin roba a gashinsa, zai ga yana ɗaga gutsattsarin takarda tun kafin ya taɓa su. Aikin fili ke nan. Kwarara kuwa ita ce tafiyar cajin kansa ta hanyar da ta buɗe masa, kamar waya ko jikin mutum, kuma da amfiya ake auna ta. Fili kamar gangare ne, kwarara kuwa kamar ruwan kogin Lamurde ne da ke bin gangaren. Gangare na nan ko da rani, amma sai da ruwa ake ganin gudu. Haka fili ke taruwa tsakanin hadari da ƙasa, idan ya yi ƙarfi sosai sai iska ta ba da hanya, aradu ta faɗo.

A 1836 Faraday ya gina ɗaki da aka lulluɓe da ƙarfe, ya shiga ciki aka cika bayansa da caji, bai sami alamar fili a ciki ba. Shi ya sa mota mai jikin ƙarfe ke kare na cikinta daga aradu.

Ƙirƙirar Kalmomi

Abin da ya fi shafar mu ɗaliban harshe shi ne, Faraday ya ga tsofaffin kalmomi ba su wadatar ba. A 1834 ya nemi shawarar William Whewell na Jami'ar Kambirij, suka samar da kalmomi irin su anod da katod da ayon daga harshen Girka. Da yake bai iya lissafi mai zurfi ba, James Clerk Maxwell ne ya mayar da layukan ƙarfinsa lissafi daga baya.

Kammalawa

Faraday ya ƙi karɓar shugabancin ƙungiyar Royal Society har sau biyu. Ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867, kuma da sunansa aka laƙaba wa ma'aunin farad suna. Ina ganin aikin da shi da Whewell suka yi wa Ingilishi yana jiran mu a Hausa. Muddin malamin firamare ba shi da kalmar da zai raba fili da kwarara, to ɗalibinsa zai haddace darasi ne kawai bai gane ba.